ADS: shafin da na bi sawun Simon White a cikinsa har wata biyu

Malamin da ke duba aikina na digiri na biyu ya dawo min da babin farko ba tare da ya yi jan biro ko ɗaya a kai ba. Wannan ya fi jan biron tayar min da hankali. Ya ce, "Ka tara min sunaye arba'in, amma ban ga alamar ka san ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Je ka ɗauki masani guda a fagen samuwar galaksi, manyan garkunan taurarin nan, ka bi aikinsa tun daga takardarsa ta farko." Na ce, "Malam, wa zan ɗauka?" Ya ce, "Ɗauki Simon White. Ka shiga ADS. Kuma kada ka dawo min da lambobi zalla."

Abin da ya kai ni shafin ke nan, kuma bayan wata biyu ina kwana ina tashi a cikinsa ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina.

Ga wanda bai san shi ba, ADS rumbu ne na intanet da ya tattara kusan duk abin da aka rubuta a ilimin taurari da fiziks ɗin sararin samaniya. Cibiyar binciken taurari ta Smithsonian da ke haɗin gwiwa da Jami'ar Harvard a Amurka ce ke kula da shi, hukumar NASA kuma ke ba da kuɗin tafiyar da shi. Yana aiki tun farkon shekarun 1990, an sauya masa fuska gaba ɗaya a 2019. Kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba kafin ka yi bincike. Ka buɗe, ka ga akwati ɗaya fari, ka rubuta abin da kake nema. Babu talla, babu hotuna masu tsalle.

Daren farko ni na yi wa kaina. Na rubuta White, S kawai na danna, sai ga takardu sun zubo kamar an fasa madatsar ruwa. Na ɗauki alƙalami na fara rubuta taken wasu a littafina, ina mamakin yadda mutum ɗaya ya haɗa binciken galaksi da binciken tartsatsin rana. Sai da na cika shafi biyu na gane ashe akwai wani S. White daban mai nazarin rana, akwai kuma Martin White, shi ma masanin kosmoloji ne, wato ilimin asali da tsarin sararin samaniya gaba ɗaya, wanda sunansa kan zo dab da na Simon a wasu manyan takardu. Laifina ne, domin shafin ya tanadi maganin wannan. In ka rubuta author:"White, S. D. M." da cikakkun haruffan sunansa, baƙin sun ragu ƙwarai. In kuma ka sa alamar ^ a gaban sunan, zai kawo maka takardun da shi ne marubuci na farko a cikinsu kaɗai. Wannan 'yar alama ita ce abu mafi amfani da na koya a makon farko. A gefen hagu kuma akwai wurin tacewa, inda za ka ware shekara, ko mujalla, ko abokan rubutu, ko ka ce takardun da masana suka tantance kawai kake so.

Da na tace, sai na jera su daga mafi tsufa zuwa sabuwa, na daina jera su bisa yawan ambato, wato sau nawa wasu takardu suka kafa hujja da su. A nan ne shafin ya fara yi min magana. Takardar 1976 ta fito, lokacin White yana ɗalibin digiri na uku a Kambirij ƙarƙashin Donald Lynden-Bell, inda ya kwaikwayi taron galaksi a kwamfuta da ɗigo 700 kacal masu jan juna da nauyi. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo gare shi.

Sai ta 1978, wadda ya rubuta da Martin Rees. Ita ce ta cinye min kwana huɗu, kuma ita ce dalilin da ya sa nake yaba wa ADS fiye da komai. Tsofaffin mujallu da yawa an ɗauki hotonsu shafi-shafi an ajiye a ciki, kowa na iya karantawa. Don haka ba taƙaitawar wani na karanta ba, ainihin shafukan mujallar ilimin taurari ta Birtaniya mai suna MNRAS ne a gabana, daga shafi na 341 zuwa na 358, da tsohon rubutun inji da zane-zanen da ake gani hannu ne ya ja su. Gani ya kori ji. Na sha karanta "White da Rees, 1978" a ƙarshen jimlolin mutane kamar wata addu'ar rufe taro, ban taɓa sanin me suka ce ba.

Abin da suka ce shi ne galaksi, wato waɗannan manyan garkunan taurari irin wanda ranarmu ke ciki, a mataki biyu suke samuwa. Mafi yawan abin da ke da nauyi a sararin samaniya ba ya fitar da haske, ba a ganin sa, ana dai gane yana nan ta yadda yake jan abin da ke kusa da shi. Wannan ɓoyayyen abu shi ke fara dunƙulewa saboda ƙarfin jan nauyi, ƙananan dunƙule su haɗu su zama manya, manyan su haɗu su zama mafi girma. Iskar gas da ta rage sai ta faɗa cikin waɗannan dunƙule, ta yi zafi, ta fitar da zafin ta huce, ta tattaru a tsakiya, daga nan taurari su kunnu. Ke nan hasken da muke gani ɗan abu ne da ya kwanta a tsakiyar wata ƙatuwar ƙwarya da ba a gani. Sun ɗauka ɓoyayyen abun ya kai kashi 80 cikin 100 na dukkan nauyi, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya gardamar ko mene ne shi ba. Suka ce ko ma mene ne, haka zai yi. Yau shekara arba'in da ɗoriya, har yanzu ba a gano mene ne ɗin ba, ginin da suka ɗora kuwa yana tsaye.

Kowace takarda a ADS tana da ƙofa biyu. Ɗaya tana kai ka ga waɗanda ta ambata, ɗaya tana kai ka ga waɗanda suka ambace ta daga baya. Wanda ya saba da batun silsila, wane ya karɓa daga wane, zai gane daɗin wannan nan take. Ta ƙofar baya na faɗa kan Press da Schechter na 1974, waɗanda suka ba da lissafin yawan dunƙule masu kowane nauyi. Na ci gaba da ja baya da kaina har na kai ga Vera Rubin da Kent Ford, da awon da suka yi wa juyawar galaksin Andromeda a 1970, har zuwa Fritz Zwicky da ya lura tun 1933 cewa galaksin da ke taron Coma suna gudu fiye da yadda nauyin da ake gani zai iya riƙe su. Ta ƙofar gaba kuma sai ga Blumenthal da Faber da Primack da Rees na 1984, bayan Jim Peebles ya kawo batun ɓoyayyen abu mai sanyi, wato mai tafiya a hankali, a 1982. Ban nemi ko ɗaya daga cikinsu da suna ba, danna wannan ka danna wancan ne ya kai ni.

Wata 'yar ƙaramar fasaha da nake so: kowace takarda tana da lambarta mai harafi 19. Ta White da Rees ita ce 1978MNRAS.183..341W, wato shekara, mujalla, kundi, shafi, sai harafin farko na sunan marubuci. Kwana biyu kana kallonsu za ka fara karanta su kamar lambar mota. Yanzu in zan tura wa abokin karatuna takarda, lambar kawai nake aika masa. Kuma shafin yana fitar maka da jerin madogara a tsarin BibTeX, wanda manhajar rubuta takardun kimiyya ke karantawa, da dannawa ɗaya, abin da a da nake kwana ina bugawa da hannu ina kuskuren waƙafi.

Shekarun 1980 na White sun fi daɗin bi, domin a nan ake ganin mutum yana rushe wani ra'ayi ya gina wani. A 1983 shi da Carlos Frenk da Marc Davis sun gwada a kwamfuta ko ƙwayoyin nutirino masu tsananin gudu su ne ɓoyayyen abun, suka ga duniyar da ta fito ba ta yi kama da wadda ake hangowa ba. A 1985 George Efstathiou ya shigo suka zama huɗu, suka gwada mai sanyi, wato mai tafiya a hankali, da ɗigo 32,768. Wannan ta yi kama. Su huɗun ne suka raba kyautar Gruber ta kosmoloji a 2011. Shafin yana nuna adireshin marubuci a kan takardu da yawa, don haka ba tare da na buɗe tarihin rayuwarsa ba na ga ƙaurarsa: Kambirij, Berkeley a Kalifoniya, Arizona, ya koma Kambirij, sannan daga 1994 cibiyar Max Planck ta fiziks ɗin taurari da ke Garching kusa da Munik a Jamus, inda ya zama darakta.

Akwai wadda da a ce bisa yawan ambato na jera da ta nutse ban gan ta da wuri ba, ta 1993 a mujallar Nature, shi da Navarro da Evrard da Frenk. Sun auna yawan abu na yau da kullum, gas da taurari, a cikin taron galaksi, suka kwatanta da jimillar nauyin taron. Lissafin ya nuna nauyin da ke sararin samaniya bai kai yadda yawancin masana suke so ya kai ba a lokacin, har da tsarin da shi kansa ya taimaka wajen yayatawa. Shekara biyar bayan haka, a 1998, aka gano faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi. Ina son mutumin da ke iya auna kayansa ya ce bai cika mudu ba.

Daga nan sai shahararriyar, ta Navarro da Frenk da White, 1996 da 1997, wadda kowa ke kira NFW. Sun gano cewa dunƙulen ɓoyayyen abu, ƙarami ne na 'yar galaksi ko ƙato na taron galaksi dubu, siffa ɗaya yake ɗauka: cunkoso yana ƙaruwa in ka nufi tsakiya, yana raguwa da sauri in ka yi waje, bisa ƙa'ida guda. Masu ambaton waɗannan takardu biyu dubbai ne. Na buɗe jerin na fara karanta taƙaitattun bayanansu ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ba duka ne masu tafi ba. Da yawa sun ambace su ne don su ce awon ƙananan galaksi ya nuna tsakiyarsu a shimfiɗe take, ba tsini kamar yadda NFW ta ce ba. Gardama ce da ta faro tun 1994 da takardun Moore da na Flores da Primack, ba a kuma gama ta ba. Wasu kuma sun ambata ne kawai don sun ari ƙa'idar sun yi lissafi da ita a layi ɗaya sun wuce. A wurin mai ƙirga duk ɗaya ne, mai yabo da mai suka da mai aro kowa ƙuri'a ɗaya.

Sai 2005, aikin Millennium na kwaikwayon sararin samaniya a kwamfuta, wanda Volker Springel ya jagoranta, White na biye da shi a jerin marubuta. Ɗigo sama da biliyan 10, cikin akwatin da kowane gefensa ya kai tafiyar haske ta kusan shekara biliyan 2, babbar kwamfuta a Garching ta yi kimanin wata guda tana aikin. Daga 700 zuwa 32,768 zuwa biliyan 10, cikin shekara 29, tambayar kuma ba ta sauya ba. Wannan layi ɗaya da na rubuta a littafina ya fi duk abin da ke cikin babina na farko amfani.

To, mu zo ga ɓangaren lambobi, wanda na san shi yawancin mutane ke zuwa nema. In ka zaɓi takardun mutum, shafin zai zana maka jadawalin yawan takardu a kowace shekara, yawan ambato, yawan waɗanda suka buɗe suka karanta, da ma'aunin h da sauran 'yan'uwansa. Ma'aunin h ɗin nan Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro shi a 2005: in kana da takarda 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20, h ɗinka 20 ne. Zanen yana da kyau, yana fitowa da sauri, ban ga inda ya yi min ƙarya ba. Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. White yana cikin marubutan takardun tauraron ɗan'adam na Planck, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2009, wanda ya ba mu shekarun sararin samaniya kimanin biliyan 13.8, da rabon kusan kashi 5 na abu na yau da kullum, 27 na ɓoyayyen abu, 68 na ɓoyayyen makamashi, wanda ake ganin shi ke ƙara wa faɗaɗar sararin samaniya sauri. Takardun nan marubutansu sun haura ɗari, wasu ɗaruruwa, ana kuma ambatonsu ba ƙaƙƙautawa. Kowane suna a jerin yana kwasar ambaton gaba ɗaya, daidai da yadda White da Rees su biyu rak suka kwashi nasu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma ba kowane hannu ne ya ɗauki nauyi iri ɗaya ba.

Abin yabo shi ne ADS bai ɓoye wannan ba. Kusa da jimillar yana ba ka wani adadi da aka raba ambaton kowace takarda da yawan marubutanta, yana kuma ware ambaton da mutum ya yi wa kansa. Da na kalli wannan, sai tsofaffin takardun mutum biyu da mutum uku suka dawo gaba. Na taɓa amfani da wani shafin ƙirga ambato da ba zan kama sunansa ba, wanda ke tara maka komai wuri ɗaya, har takarda guda ya ƙirga ta sau biyu, ya miƙo maka ƙatuwar lamba ka yi ta murna. Bayan ADS ban sake komawa can don aikin taurari ba.

Duk da haka akwai abin da babu ma'aunin da zai kama. Don gwaji na nemi Beatrice Tinsley, wadda ta girma a New Zealand, ta koyar a Yale, ta kuma kafa tushen nazarin yadda galaksi ke tsufa, launinsu da haskensu na sauyawa yayin da taurarinsu ke mutuwa. Ta rasu a 1981 tana da shekara 40. Ma'aunin h yana son tsawon rai da yawan ɗalibai, ita kuwa ba ta samu na farkon ba. Sai takardar Edwin Hubble ta 1929, wadda ta nuna galaksi mafi nisa sun fi saurin ja da baya. Ambatonta bai kai na NFW ba, domin abin ya zama ruwan dare, ba wanda ke jin sai ya kawo madogara kafin ya faɗe shi. In da lamba ce alƙali, da an yi wa mutanen nan biyu rashin adalci. Shi kansa White ya rubuta wata maƙala a 2007 yana gargaɗin cewa in ilimin taurari ya koma manyan ayyuka na ɗaruruwan mutane masu farautar adadi guda, zai rasa matasa masu tunanin kansu. A ADS na tsince ta, tsakanin takardun lissafi, kamar wasiƙa a cikin kundin rasit.

Wa zan ba shawarar ya shiga? Ɗalibin fiziks, malamin da ke shirya darasi, ɗan jarida da ke son tabbatar da ko wanda ake kira masani ya taɓa rubuta wani abu a fagen da yake magana a kai. Wanda kuwa yake son a ba shi labarin taurari cikin sauƙi da hotuna, ba nan ba ne wurinsa. Shafin da Turanci yake, takardun cike suke da lissafi, kuma an gina shi ne don wanda ya riga ya san abin da yake nema. Sabbin takardu wasu suna bayan ƙofar mujallun da sai an biya, amma ADS kan sa mahaɗi zuwa kwafin kyauta da ke rumbun arXiv a gefe, kuma a fagen kosmoloji kusan duk abin da aka rubuta tun tsakiyar shekarun 1990 yana can. A waya yana buɗewa, sai dai tsofaffin shafukan hoto sun fi son babban allo. In ka yi rajista za ka iya buɗe ma'ajiyarka ka riƙa jefa takardu a ciki. Tawa mai suna White yanzu takarda 31 ce a ciki, na karanta 12 daga farko har ƙarshe, sauran na leƙa gabatarwa da kammalawa.

Na mayar wa Malam sabon babin ranar wata Talata. Shafi tara ne, ko lamba ɗaya ta ambato babu a ciki, na dai ambaci kyautar Shaw da aka ba White a 2017 a layi guda. Ya karanta a gabana, wannan karon da jan biro a hannu, ya yi ta zane har na ji sanyi a raina. Da ya kai wurin takardar 1978 sai ya ɗago ya ce, "Ka ce gas yana hucewa ya zama taurari. To me ya hana duk gas ɗin da ke ƙananan dunƙule ya zama taurari tun farko, a rasa abin gina manyan galaksi?" Na ce, "Malam, sun taɓo batun, sun ce ƙarfin da taurarin farko ke fitarwa yana korar sauran gas ɗin." Ya ce, "Wa ya ɗauki wannan zaren bayan su?" Na yi shiru. Ya tura min takardun ta kan tebur ya ce in fara da White da Frenk na 1991, in buɗe ƙofar waɗanda suka ambace ta, in dawo bayan mako biyu.